Canjin Maigida Ba 'Yanci Ba Ne: Lolo da Batun Cefanar da Ayyukan Gwamnati

Akwai wata jimla da ta zama wuridi a bakin masu mulki da masu ba su shawara tun daga zamanin Janar Babangida har zuwa yau: gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a miƙa wa 'yan kasuwa. Da ita aka sayar da masana'antu, da ita aka jinginar da tashoshin jiragen ruwa, da ita aka yanka hukumar lantarki gunduwa-gunduwa. Yanzu kuma ta gangaro jihohi, inda ake ta maganar miƙa kasuwanni da tashoshin mota da tattara haraji da ruwan famfo, har da ɗakunan gwaji na asibitoci, ga kamfanoni masu zaman kansu. Rabin farko na jimlar gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa bin layi a ofishin NITEL ko ya kwana cikin duhun NEPA ba ya bukatar a kawo masa shaida. A rabi na biyu ne aka ɓoye wuƙar. An ɗauki abubuwa biyu mabambanta, wato cefanarwa da gasa, aka tallata wa jama'a su a matsayin buhu guda, alhali a mafi yawan lokuta cefanarwar kaɗai ke cikin buhun.

Cefanarwa canjin mai abu ce kawai: jiya na gwamnati ne, yau na Alhaji wane ne ko na kamfani kaza. Gasa kuwa ita ce ikon mai saye ya juya baya ya tafi wani wuri da kuɗinsa. Abin da ke sa mai tumatir ya rage farashi har ya ƙara gyara shi ne ganin makwabcinsa a gefe da kwando irin nasa. Ranar da ya waiwaya ya ga shi kaɗai ne a kasuwar, ranar ce gyara za ta ƙare, ko da kuwa sunansa ɗan kasuwa sau goma.

Garin Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, kusa da kogin Kwara, can inda taswirar ƙasa ta ƙare. A irin wannan wuri ya dace a auna kowace manufa ta gwamnati, domin duk tsarin da aka kawo zai yi kyau a unguwannin manya na Abuja. Wanda ke ƙarshen waya da ƙarshen hanya shi ne ma'aunin gaskiya, kuma shi ne na farko da kamfani mai lissafin riba zai cire daga lissafinsa.

Wayar hannu da ƙwan lantarki

Kowane ɗan kasuwar Lolo yana da abubuwa biyu da suka ishe shi hujja a wannan muhawara: wayar da ke aljihunsa da ƙwan lantarkin da ke rataye a shagonsa. Dukkansu a da gwamnati ce ke riƙe da su, dukkansu yanzu suna hannun kamfanoni. Amma labarinsu ya sha bamban.

Kafin 2001, ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 100 tana da layukan waya da ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Da farko farashi ya yi tsauri ƙwarai, minti ɗaya naira 50, kuma ana lissafa wa mutum cikakken minti ko da gaisuwa kawai ya yi. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, nan da nan waɗanda suka riga shi suka bi sahu. A 2013 aka ba mai waya damar komawa wani kamfani da lambarsa. Mazaunin bakin iyaka ma ya fi kowa zaɓi, domin sau da yawa yakan riƙe layin ƙasa biyu, in sabis ɗin gida ya gaza ya koma na ƙetare.

Abin lura a nan shi ne, NITEL kanta ba ta gyaru ba. An damƙa wa kamfanin Pentascope gudanar da ita a 2003 aka kwashi asara, aka sayar wa Transcorp a 2006 aka soke cinikin a 2009. Ashe ba sayar da NITEL ne ya kai waya Lolo ba. Buɗe ƙofa ga masu gogayya da juna, a ƙarƙashin hukumar da ta tsaya a matsayin alƙalin wasa, shi ne ya kai ta.

Sai lantarki. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta miƙa kamfanonin da aka yanko daga PHCN ga masu saye. An raba ƙasar gida 11, kowane kamfanin rarraba wuta da yankinsa da babu mai shiga masa. Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna suka faɗa rabon kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda sai a Disambar 2014 aka kammala miƙa shi. Mutumin Bagudo da bai gamsu da aikin wannan kamfani ba, ina zai koma? Zaɓinsa janareta ne, ko faifan hasken rana, ko fitilar ƙwai. Babakeren gwamnati ya tafi, babakeren ɗan kasuwa ya maye gurbinsa, sai dai wannan karon ba a iya kayar da mai shi a akwatin zaɓe.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga masu sayen da rancen banki suka saya, ba su da sauran jarin da za su sabunta waya da taransifoma. A Yulin 2022 bankunan da suka ba da rancen suka karɓe ragamar wasu kamfanonin, har da na Kaduna da na Kano. A Janairun 2024 hukumar daidaita harkar lantarki, NERC, ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna a kan bashin da ya kai naira biliyan 110. Fiye da shekara goma bayan cefanarwa, kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar ba su da mita, ana ƙiyasta musu kuɗi ne. Al'adar nan ta unguwa ta yi karo-karo ta gyara taransifomar da kamfani ke karɓar kuɗin wuta a kanta ta zama ruwan dare. A Afrilun 2024 kuma aka ware masu samun wutar sa'o'i 20 a rana aka ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kowane ma'auni. Ba sai an yi karatun tattalin arziki ba za a gane inda kamfani zai karkata ƴar wutar da ya samu: wurin da ake biyan mai tsoka. Ƙauyen bakin iyaka ba ya cikin wannan rukuni.

Abin takaici, ruwan da ke wucewa ta yankin Lolo shi ne ke gangarawa ya juya injinan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 aka jinginar wa kamfanin Mainstream a 2013. Daga Birnin Kebbi kuma akwai babbar wayar da ke kai wuta har Yamai. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Iyakar da kamfani ya haifa

Masu tallar cefanarwa kan yi magana kamar sabon ilimi suka kawo. Yankin Lolo ya san mulkin kamfani tun kafin a san sunan Nijeriya. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, takardar izinin mulkar yankunan kogin Kwara da Binuwai. Kamfanin yana ciniki, kuma shi ke karɓar kuɗin fito, shi ke da sojoji, shi ke da kotu. Kamfanin ne ya tura Lugga, tun bai zama gwamna ba, ya yi tseren isa Nikki a ƙasar Bargu a Nuwamban 1894 domin ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya. Wannan ja-in-ja ce ta kai ga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898, wadda ta bar Illo a ɓangaren Ingila ta kuma shata layin da a yau ya raba Lolo da 'yan uwanta na tsallake.

Takardar izinin ta haramta wa kamfanin yin babakere a ciniki. Amma wanda ke riƙe da kwastan da lasisi ba ya bukatar ya kira abin da sunansa: sai ya tsawwala kuɗin shiga har sauran 'yan kasuwa su gudu da ƙafarsu. Haka aka yi. Mutanen Nembe da aka toshe wa kasuwanninsu na gado sun kai wa hedikwatar kamfanin da ke Akasa hari a Janairun 1895. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin a ranar 1 ga Janairu 1900, sai ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Ya ci riba lokacin da yake mulki, ya kuma ci riba lokacin da aka sallame shi.

Darasin bai tsufa ba. Duk lokacin da aka haɗa wa mai neman riba ikon tilastawa, doka a takarda ba ta hana shi cin kasuwa shi kaɗai. Kuma ranar da aka gaji aka ce ya tafi, jama'a ce ke biyan kuɗin sallama. Nijeriya ta maimaita wannan darasi a Ajakuta, inda aka soke jinginar masana'antar ƙarfe a 2008, aka shafe shekaru ana shari'a, daga ƙarshe a 2022 gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496.

Tashar tsandauri da alkawarin da ke rarrafe

Lolo na cikin garuruwan da aka yi wa alkawarin tashar tsandauri, wato wurin sauke kwantena da tantance kaya a kan tudu, wadda ɗan kasuwa zai gina da jarinsa bisa sahalewar hukumar masu safarar kaya ta ƙasa. An yi ta maganar a zamanin Gwamna Atiku Bagudu, kuma tunanin yana da ma'ana: kayan da suka sauka a Kwatano suka hauro arewacin Benin za su iya shigowa ta nan su nufi Sakkwato da Kano ba tare da cunkoson Legas ba. Babu mai hankalin da zai ƙi wa garin wannan arziki. Amma yana da kyau a dubi abin da ya sami waɗanda suka riga shi a layi.

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba 'yan kasuwa izinin gina irin waɗannan tashoshi guda shida, a Kano da Funtuwa da Jos da Maiduguri da Ibadan da yankin Aba, bisa sharaɗin su gina, su gudanar na wasu shekaru, sannan su mayar wa gwamnati. Tashar Dala da ke Zawaciki a Kano sai a Janairun 2023 aka buɗe ta, bayan shekara 17. Ta Funtuwa sai a Mayun 2024. In da gaskiya ne cewa hannun ɗan kasuwa kaɗai ke sa aiki sauri, me ya riƙe su?

Abin da ya riƙe su shi ne abin da ɗan kasuwa ba ya iya samarwa: layin dogo, hanya mai kyau, amincewar kwastan, da manufa mai ɗorewa. Lolo ta fi kowa sanin wannan. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu da sanarwa guda. A Nuwamban shekarar ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, iyakar Kamba a Kebbi kuwa sai a Afrilun 2022. Wane mai jari ne zai zuba biliyoyi a ƙofar da za a iya garƙamewa da dare ɗaya? Zai zuba ne kawai in an yi masa alkawarin shi kaɗai ne, na shekaru masu yawa, kuma in ya yi asara gwamnati za ta cike masa. Ma'ana riba tasa, asara ta jama'a.

In tashar ta tabbata, ɗaya za ta kasance, kuma kwastan za ta umarci kowane mai kaya ya bi ta cikinta. Wa zai ƙayyade kuɗin sauke kaya da kuɗin ajiya? Wannan tambaya ce da Nijeriya ta saba amsawa a makare. An jinginar da tashoshin jiragen ruwa na Legas da sauransu a 2006, amma sai a 2014 aka naɗa hukumar masu safarar kaya ta zama mai sa ido kan farashinsu, kuma da ta yunƙura ta rage wasu kuɗaɗe, masu tashoshin suka garzaya kotu. Haka abin yake tun daga tushe. Dokar cefanarwa ta farko ta fito a 1988, aka kafa kwamitin da marigayi Dokta Hamza Zayyad ya jagoranta. Cikakkiyar dokar kare gasa da hana babakere kuwa sai a farkon 2019 aka sa mata hannu. Shekara 30 ana sayar da awaki kafin a tuna ba a gina garke ba.

Ko a tsallaken iyaka akwai abin dubawa. A 2018 Benin ta ɗauko hukumar tashar Antwerp ta Beljiyam ta gudanar mata da tashar Kwatano, ba tare da ta sayar da ita ba: hayar gwaninta ta yi, mallaka ta zauna a hannun ƙasa. Amma a ƙasar ce kuma aka ba kamfanin Bénin Control, wanda aka sani da alaƙa da attajirin auduga Patrice Talon, kwangilar tantance kayan shigowa a 2011, aka dakatar da ita a 2012, sannan aka dawo da ita a 2017, shekara guda bayan Talon ya zama shugaban ƙasa. A Nijeriya ma majalisar zartarwa ta amince a 2020 da jinginar da aikin zamanantar da kwastan na dala biliyan 3.1 har tsawon shekara 20, kuma rigimar wanda ya cancanci kwangilar sai da ta kai kotu. Direban da ke jira a bakin iyaka bai ga ko shafi ɗaya na waɗannan yarjejeniyoyi ba, amma kuɗinsu na cikin abin da yake biya.

Hujjar masu cefanarwa

Za a ce: to, a bar komai a hannun ma'aikatan gwamnati da suka riga suka gaza? A bar hukumar ruwa da ba ta ba da ruwa, da asibitin da ba magani, da mai karɓar haraji da rasit biyu a aljihu? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya raina ta bai san ƙasar ba. Ma'aikatar gwamnati da ta san ba mai korarta ita ma babakere ce, kuma talaka ya sha wuyarta shekara da shekaru.

Sai dai hujjar tana cin kanta. Gwamnatin da ta kasa sa ido kan ma'aikatan da take biya albashi, ta yaya za ta sa ido kan kamfanin da ke da manyan lauyoyi da abokai a fadar gwamna? Rubuta yarjejeniya mai tsauri, auna aiki wata-wata, cin tarar wanda ya saɓa, duk sun fi gudanar da famfo wuya. Jami'in da ke cin hanci a kan sayen bututu zai ci wanda ya fi shi a kan sa hannun kwangilar shekara 25, kuma wannan cin sau ɗaya ne da jikoki za su biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwamitin Majalisar Dattawa da Sanata Ahmad Lawan ya jagoranta a 2011 ya binciki cefanarwar da aka yi tun 1999, kuma abin da zaman ya bankaɗo bai bar wa kowa uzurin cewa bai sani ba.

Hatta ƙasashen da aka kwaikwayo suna waiwaye. Ingila ta sayar da kamfanonin ruwa a 1989 zamanin Margaret Thatcher, kowanne da yankinsa, yau kuma Thames Water mai shayar da Landan na nishi ƙarƙashin bashin biliyoyin fam. A 2024 majalisar Birtaniya ta yi dokar dawo da jiragen ƙasa na fasinja hannun hukuma. Birnin Faris ya karɓe ruwansa daga kamfanoni a 2010. In ƙasashe masu ƙarfin kotu da 'yan jarida da hukumomin sa ido sun sha wuya a hannun babakeren ɗan kasuwa, ina ga jihar da majalisarta ba ta cika ce wa gwamna a'a ba?

Akwai kuma inda abin ya yi kyau, kuma dalilin kyansa a fili yake. Senegal ta raba aikin ruwan biranenta a 1996: kadarori na hukuma, gudanarwa ta kamfani bisa yarjejeniyar da ta ƙayyade abin da zai cim ma. Da wa'adi ya cika aka sake buɗe takara, kamfanin da ya riƙe aikin fiye da shekara 20 ya sha kaye, wani ya karɓa a 2020. Birnin Phoenix na Amurka tun 1979 ya raba kwasar shara shiyya-shiyya, ma'aikatar birni na shiga takara kafaɗa da kafaɗa da kamfanoni, wani lokaci ta ci wani lokaci ta faɗi. A duka biyun abin da ya yi aiki shi ne tsoron rasa aikin. Inda ba za a iya shimfiɗa bututu biyu a titi ɗaya ba, ana iya sa masu nema su yi gogayya kan wanda zai riƙe bututun, a kuma maimaita gogayyar lokaci-lokaci.

Gasa ita ma ba ta wadatar ita kaɗai. Sufurin ruwa a kogin Kwara kacokan a hannun masu zaman kansu yake, masu kwale-kwale da jiragen inji suna gogayya a kowace mashaya. A Mayun 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, gomomin mutane suka rasu. Babu ƙarancin 'yan kasuwa a wannan rana. Abin da babu shi ne jami'in da zai tsaya a bakin ruwa ya ƙirga fasinja ya ce ya isa. Wannan aiki ne da ba a cefanarwa, kuma gwamnatin da ta janye daga gare shi da sunan barin kasuwa ta yi halinta ta yi sakaci da amana.

Haka ma karɓar haraji. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama sun koma ba 'yan kwangila aikin tara kuɗin shiga a kasuwa da tasha da kan hanya, ana biyansu kaso daga abin da suka tara. Wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan abin da ya tatsa ba shi da dalilin tausaya wa mai tallar albasa, kuma mai albasar ba ta da wani mai karɓar haraji da za ta zaɓa. Talakawan Arewa sun daɗe suna yaƙi da irin wannan tatsa, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Dawo da ita da rigar kamfani da na'urar buga rasit bai canza mata hali ba.

Tambayoyin da suka wajaba kafin a sa hannu

Maganar ta zama ta gaggawa ga Kebbi da sauran jihohi saboda iko na sauka hannunsu. Gyaran tsarin mulki na 2023 da Dokar Lantarki ta shekarar sun ba kowace jiha damar kafa kasuwar wutarta da hukumar sa idonta. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk inda sabon iko da sabon kuɗi suka sauka, masu jakar takardu za su biyo baya da tayin haɗin gwiwa. Kafin Birnin Kebbi ko sakatariyar Bagudo ta sa hannu a kan kowane tayi, akwai tambayoyin da jama'a ke da haƙƙin jin amsarsu.

Ta farko: in wannan kamfani ya gaza, mai amfani da aikin yana da wurin komawa? In yana da shi, kamar sayar da taki ko sufurin mota ko ƙananan tashoshin hasken rana, a buɗe ƙofa ga kowa, gwamnati ta tsaya kan inganci da awo. In ba shi da shi, kamar ruwan famfo ko tashar tsandauri, kada a sayar da kadarar, a yi hayar mai gudanarwa na ɗan wa'adi.

Ta biyu: mutum nawa suka nema, kuma a ina aka yi shelar? Kwangilar da aka ba mutum ɗaya a ɗaki rufe kyauta ce, ko da an kira ta haɗin gwiwa. Ma'aikatar gwamnati ma a bar ta ta shiga takarar, in ta fi araha da inganci ta ci.

Ta uku: ina takardar? Yarjejeniyar da ta shafi kuɗin jama'a ba ta da sirri. A wallafa ta dukkanta, da sunayen ainihin masu kamfanin, a kuma fassara muhimman sharuɗɗanta da Hausa a karanta a rediyo.

Ta huɗu: me aka rubuta game da na nesa? In yarjejeniya ba ta ambaci Lolo da Illo da Tsamiya da sunansu ba, da adadin sa'o'in wuta ko yawan famfunan da za su samu da tarar da za a ci in an gaza, to an riga an cire su.

Ta biyar: wa zai yi alƙalanci, kuma wa ke biyansa? Hukumar sa ido da gwamna zai iya rushewa da takarda ɗaya ado ce. A kafa ta da doka, a ba ta kuɗinta da ƙwararrunta kafin a miƙa aikin.

Waɗannan tambayoyi ba aikin talakan Lolo ba ne shi kaɗai, domin ba a gayyatarsa ɗakin da ake sa hannu. Aikin lauyoyi ne da akantoci da injiniyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida 'yan asalin jihar, waɗanda suka iya karanta sharaɗi na 47 a shafi na 90, kuma aikin 'yan majalisar dokokin Kebbi ne da doka ta ba ikon kiran kowane kwamishina ya yi bayani. Duk wanda ya zo da tayin karɓar aikin gwamnati, a yi masa maraba, a shimfiɗa masa tabarma, sannan a tambaye shi abokan takararsa da wa'adinsa da alƙalinsa. In ya ce ba ya son ko ɗaya, an san abin da ya zo saye.